Gani Ya Kori Ji

A cikin kayan sauraren kiɗa na masu hannu da shuni akwai wani akwati da ake kira firi'am, wanda ke zama tsakanin abin da ke juya faifai da babbar amfilifayar da ke tura lasifika. Aikinsa aikin zagi ne: ya shiga gaba, ya zaɓi wanda za a saurara, ko garmaho ko CD ko rediyo, sannan ya ƙayyade ƙarfin murya. Abin dariya ma shi ne yawancin lokaci rage murya yake yi, domin na'urar CD tana fitar da wuta ta kusan bolt 2, alhali galibin manyan amfilifayoyi bolt 1 zuwa 2 ya ishe su su yi ruri iyakar ƙarfinsu. Wannan akwati da babban aikinsa shi ne ya ce wa kiɗa "sassauta" ana samunsa a kan 'yan ɗaruruwan daloli daga Schiit ta Amurka ko Topping ta Sin, ana kuma samun Boulder 3010 da kuɗinsa ya haura dala 100,000. A tsakanin waɗannan farashi biyu wata al'umma take zaune, mai malamanta da mujallunta da rigingimunta na gado, kuma kowane ɗan cikinta zai iya dafa littafi ya rantse cewa kunnensa yake bi.

Firi'am ɗan aike ne, kuma ɗan aike nagari shi ne wanda ya isar da saƙo babu ƙari babu ragi. In an aiki mutum biyu masu amana da magana ɗaya, abu ɗaya za su faɗa, ko da ɗaya ya zo da babbar riga mai aska takwas ɗayan kuma da 'yar shara. Idan aka ji bambanci tsakaninsu, to ko dai ɗaya ya sa wa maganar gishiri, ko kuma mai karɓar saƙon rigar yake kallo. Duk gardamar kwatanta waɗannan akwatuna ba ta wuce waɗannan biyun ba, kuma hanyar warware ta ba ta da tsada: a daidaita ƙarfin muryarsu da mita, a rufa musu zane, a ce wa mutum ya faɗi wanne ke kiɗa. Nau'o'in mutanen da ke wannan duniya ana gane su ne da irin dabarar da kowanne ke yi don ya kauce wa zanen nan.

Na gaba a sahu shi ne Mai Kunnen Zinariya. Za ka gan shi a kujerar tsakiya a ɗakunan baje kolin kayan sauti, ido a rufe, kai a karkace, yatsa ɗaya a haɓa, kamar mai jiran a yi masa wahayi. Ba ya cewa kiɗa ya yi daɗi, wannan maganar gama-gari ce. Cewa zai yi an yaye wani labule tsakaninsa da mawaƙiya, dandalin makaɗa ya ƙara faɗi da taku biyu, shirun da ke bayan kiɗan ya ƙara baƙi. Shiru ma launi gare shi a kunnen wannan bawan Allah. Zuriyarsa tana da asali: J. Gordon Holt ya kafa mujallar Stereophile a 1962, Harry Pearson ya kafa The Absolute Sound a 1973, dukansu bisa hujjar cewa alƙaluman da kamfanoni ke bugawa ba sa faɗin yadda na'ura take a kunne. A zamaninsu suna da gaskiya mai yawa, domin akwai amfilifayoyin turansista na farko-farko da takardarsu ta yi kyau, sautinsu kuwa kamar ana kankare ƙarfe. Sai dai magadansu sun gaji kalmomin har sun fi ƙarfin buƙata. An yaye labule a kowane fitowar mujalla shekara sittin, har mutum ya fara tambayar labule nawa aka rataya tun farko. Kuma babbar shaidarsa kullum ɗaya ce, wai mai ɗakinsa da ba ruwanta da harkar ta leƙo daga kicin ta tambayi me aka canza. Ba a taɓa jin ta bakin matar ba.

An gwada kunnen nan, kuma ba sau ɗaya ba. A watan Janairun 1987 mujallar Stereo Review ta buga sakamakon wani gwaji da David Clark ya shirya, inda aka jera amfilifayoyi tun daga wata Pioneer ta dala 220 har zuwa tagwayen Futterman masu bawul na dala 12,000. Da ana ganin na'urorin, masu saurare sun yi ta bayanin bambanci. Da aka daidaita murya aka ɓoye wadda ke aiki, amsoshinsu ba su fi na mai jefa kwabo ya ce kai ko wutsiya ba. Waɗannan manyan amfilifayoyi ne masu dakon lasifika, wato aikin da ya fi na firi'am wahala nesa ba kusa ba, don haka abin da ya gagara a kansu ya fi gagara a kan zagi. A 1994 kuma Floyd Toole da Sean Olive na kamfanin Harman suka nuna cewa ko a lasifika, inda bambanci na gaske yake, makin da mutane ke bayarwa yana sauyawa da zarar sun ga girman akwati da ƙyallin katako, ƙwararru da 'yan koyo duka. Ga kuma wani tarko da ya fi wannan sauƙi. Tun 1933 Fletcher da Munson na Bell Labs suka auna cewa kunne yana ƙara jin kaurin murya da siririyarta idan ƙara ta ƙaru. Saboda haka in akwati ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa da rabin desibel, ba za ka ji shi a matsayin mai ƙara ba, za ka ji ya fi cika da armashi. Shi ya sa masu gwaji ke daidaitawa har zuwa desibel 0.1, abin da hannu a kan mamurɗi ba zai taɓa iyawa ba.

Mai Kunnen Zinariya yana da amsa, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Yana cewa gwajin rufe ido jarrabawa ce, jarrabawa kuwa tana ɗaure mutum, kuma halin na'ura kamar halin mutum ne, sai an zauna da ita wata da watanni. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin gwajin da aka yi cikin gaggawa da baƙon kiɗa a baƙon ɗaki yana iya ɓoye ƙaramin bambanci. To amma babu dokar da ta ce a yi gaggawa. Mutum yana iya rufe zanen wata guda a ɗakinsa da faifansa, wani yana sauya masa waya a ɓoye. Sannan bambancin da aka ce kamar dare da rana ne, har mai wanke-wanke ta ji shi ta bango, bai kamata ƙyalle ɗaya ya kashe shi ba. Zaman watanni ma an gwada shi ba da niyya ba. A 2022 ta bayyana cewa kamfanin Mobile Fidelity ya shekara da shekaru yana bi da kiɗa ta na'urar dijital kafin ya yanka faya-fayan garmahonsa masu tsada, waɗanda masu kunnen zinariya ke kafa hujja da su cewa ga sautin da kwamfuta ba ta taɓa ba. Sun zauna da faya-fayan shekaru, sun yabe su, ba wanda kunnensa ya tona asirin. Wani mai kantin faifai a Phoenix ne ya fasa ƙwan, maganar ta ƙare a kotu.

Na biyu shi ne Mai Kwalba, wanda ba ya yarda da akwatin da ba ya ɗumi. Shi nasa firi'am ɗin dole ya kasance da bawul na gilashi masu jan haske kamar garwashi, irin na Marantz Model 7 na 1958 ko McIntosh C22 na 1963 ko jikokinsu daga Audio Research. Akidarsa da tsohuwar zuma ake magani. Bawul ɗin 12AX7 da ake yi yau a Saratov ta Rasha ko a masana'antar JJ ta Sulobakiya bai cika masa ido ba, sai Telefunken na Jamus ko Mullard na Blackburn da suka shekara sittin a kwali. Yana da akwatin bawul kamar na mai maganin gargajiya, wannan na muryar mata, wancan na goge, wancan kuma na ranar da aka yi ruwa. A cikin duka jama'ar nan shi ne ya fi kusa da gaskiya ba tare da ya sani ba, domin akwatinsa sau da yawa yana da sauti nasa na kansa da mita ke iya gani: 'yar gurɓata mai laushi da ke ƙara wa murya kauri, da ɗan sassauci a can ƙasa ko can sama. Wato ɗan aikensa yana sa gishiri, gishirin kuma yana da daɗi. Babu laifi mutum ya so miya da yaji. Inda ya kauce shi ne da yake kiran yajin "gaskiyar kiɗa", da kuma zaton cewa yajin sai da dukiya. A 1985 Bob Carver ya ƙalubalanci editocin Stereophile su kawo amfilifayar da suka fi so, suka kawo wata mai bawul ta kamfanin conrad-johnson da ta ninka tasa kuɗi sau da yawa. Cikin 'yan kwanaki a ɗakin otal ya yi wa tasa ta turansista, mai kusan dala 700, gyare-gyare har editocin suka kasa rarrabe su, suka kuma amsa haka a rubuce. Su kansu Conrad da Johnson, waɗanda suka kafa kamfanin, masana tattalin arziki ne a babban bankin Amurka kafin su koma ƙera amfilifaya, don haka ba za a ce ba su san yadda farashi ke aiki a zuciyar ɗan Adam ba.

Kada Malam Ma'auni ya yi murna, shi ma yana cikin jerin. Wannan shi ne wanda ya karanta duk abin da ke sama ya haddace, ya mai da shi sanda. Waƙar da ya fi so ita ce ƙara ɗaya tilo mai karkarwa 1,000 a daƙiƙa da na'urar awo ta Audio Precision ke fitarwa. Yana da jadawali, kuma zai sayar da akwatin da gurɓatarsa ke desibel 115 ƙasa da kiɗa don ya sayi mai 120, alhali faifan CD gaba ɗaya desibel 96 ne tsakanin shirunsa da ƙararsa, ɗakin da yake zaune kuma, ko da tsakar dare, yana da hayaniyar kusan desibel 30. Lasifikarsa tana gurɓata kaurin murya da kashi 1 cikin 100 ko fiye, bangon ɗakinsa yana ɗaga wasu muryoyi ya danne wasu da desibel 10, shi kuwa yana can yana faɗa a kan sifili na huɗu bayan ɗigo. Ya tsere wa bautar farashi ya faɗa bautar lamba, kuma ciwonsu ɗaya da Mai Kunnen Zinariya, dukansu suna biyan kuɗin abin da ba sa ji. Bambancin kawai shi nasa ciwon ya fi araha, kuma ya fi iya ɓata wa mutane walima.

Sai Mai Zuhudu, wanda ya yi tunani ya ce tunda aikin akwatin ragewa ne, a cire masa wuta gaba ɗaya, a bar mamurɗi da waya. Hujjarsa tana da kyau a takarda, kuma wani lokaci tana aiki sarai. Amma a wurinsa ne ake ganin inda bambanci na gaske yake ɓuya, wato a haɗuwar na'ura da na'ura. Kowace mafita tana da nauyin da take iya ja, kuma ƙa'idar masu gyara ita ce mashigar amfilifaya ta ninka mafitar firi'am aƙalla sau 10 a ma'aunin om. Mamurɗi mai om 10,000 da ba wuta yana iya kai om 2,500 a mafitarsa, in aka haɗa shi da doguwar waya sai siririyar murya ta dushe. Firi'am mai bawul da aka haɗa da amfilifaya mai ƙaramar mashiga kuwa kaurin murya yake zubarwa. Mamurɗi mai arha yakan sa lasifikar hagu ta fi ta dama ƙara idan an yi ƙasa da murya sosai, shi ya sa masu tsada ke jera rezistoci da rile, ko su ƙirƙiro wata dabara kamar AAVA ta Accuphase. Mai garmaho kuma shi ne ya fi kowa hujjar kashe kuɗi, domin allurarsa 'yar mitsitsiyar wuta take bayarwa, wata ma ba ta kai kashi 1 cikin 2,000 na bolt ba, sai an ninka ta sau 1,000, a kuma mayar da kaurin muryar da aka rage lokacin yanka faifai bisa ƙa'idar RIAA ta 1954. A nan kowace 'yar hayaniya tana girma tare da kiɗan. Duk waɗannan ana jin su ko an rufe ido, ana kuma auna su, kuma maganinsu bai kai kuɗin mota ba.

Mai Hawa Tsani shi kullum saura taki ɗaya. Duk akwatin da ya saya shi ne na ƙarshe, ya faɗa wa iyalinsa haka sau bakwai. Kamfanin Naim na Salisbury ya san shi ciki da waje, har ya gina masa tsanin: ka sayi firi'am, sannan a ce wutarsa ta fi kyau in ta fito daga wani akwati dabam mai suna HiCap, bayan shekara a nuna maka SuperCap. In sabon kaya bai burge shi ba a daren farko, akwai fatawa a shirye, wai na'ura sai ta yi awa ɗaruruwa tana aiki kafin ta nuna, kamar ɗanyen mangwaro. Bawul yana buƙatar 'yan mintoci ya yi zafi, wannan gaskiya ne. Abin da ke nuna cikin awa ɗari uku kuwa kunnen mai shi ne, wanda ya saba, da zuciyarsa da ta gaji da nadama. Kuma akwai wata mugunta da halitta ta yi wa wannan sana'a: yaro yana jin karkarwa har 20,000 a daƙiƙa amma ba shi da ko sisi, ranar da aljihu ya cika kuwa, a shekara hamsin da wani abu, da wuya kunne ya kai 15,000.

Alhaji Kilo ba ya wahalar da kansa da wannan duka. Shi ɗagawa yake yi. In akwati bai sa shi nishi ba, ba kaya ba ne. Yana son fuskar alminiyom mai kaurin bulo, da mamurɗi irin na kamfanin D'Agostino da aka ƙera kamar agogon Siwizalan, faya-fayansa kuma ba su fi goma ba, rabinsu na mawaƙiya Diana Krall ne don nuna wa baƙi. Irinsa ne aka yi wa Lexicon BD-30, na'urar faifan bidiyo ta dala 3,500 da masu bincike suka buɗe a 2010 suka tarar da Oppo BDP-83 ta dala 500 zaune a ciki da akwatinta. Amma a nan ne ya kamata a tsaya a amsa tambaya mafi nauyi: shin duk mai tsada damfara ne? A'a. Araha ba ta ado, kuma akwai abubuwa na gaske da kuɗi ke saya. Akwatin da aka ƙera ɗari biyu kacal a shekara da hannun ma'aikata a Binghamton ko Yokohama dole ya fi wanda inji ya zubo dubu hamsin tsada. Yana iya shekara arba'in yana aiki, kamfanin yana gyara shi, in aka tashi sayarwa a sami mai saye, wanda ba a cika samu ga na dala 300 ba. Akwai daɗin taɓa abu mai kyau, irin daɗin da mai doki ke ji da sirdin azurfa ko da bai ƙara wa dokin gudu ba. Ta wannan fuskar Alhaji Kilo ya fi sauran gaskiya, domin shi bai taɓa cewa an yaye masa labule ba.

Kishiyarsa Mafaraucin Araha ne, mai neman ɗan ƙaramin akwatin da zai ka da ƙato. Ya same shi sau goma sha biyu, duk suna jere a kan kanta, kuɗinsu in aka tara ya sayi ƙaton. Can a Japan kuma akwai waɗanda suka wuce maganar akwati suka koma kan wutar da ke shiga cikinsa, har jaridar Wall Street Journal ta ba da labari a 2016 na masu kafa turken lantarki da taransifoma nasu na kansu a ƙofar gida, don kada firjin maƙwabci ya ɓata musu goge. Wanda ya saba sauraren rediyo da kukan janareta a bayan taga zai ga wannan a matsayin ciwon da ƙoshi ke kawowa.

A tsakiyarsu duka Dillali yake zaune, mai ladabi, mai shayi, wanda ya san kowannensu tun daga yadda ya turo ƙofa. Ba lallai ya yi ƙarya ba, ba ya ma buƙata. Zai fara kunna mai arha, ya bari a ji, sannan ya ɗauki minti biyar yana sauya wayoyi yana ba da tarihin wanda ya ƙera mai tsadar, alhali ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ainihin launin sauti fiye da 'yan daƙiƙoƙi. Ya faɗi abin da za a ji kafin a ji shi, "Ranka ya daɗe, ka lura da numfashin mawaƙiyar nan," sannan ya murɗa murya da hannu, kuma hannun dillali bai taɓa kuskure ta wajen ƙasa ba. Mai saye da ya zo da ƙaramar mitar wuta ta masu gyaran rediyo, ya sa ƙara ɗaya ya auna bakin wayar lasifika har akwatunan biyu su ba da lamba ɗaya, ya juya wa kanta baya ya ce yaron shago ya riƙa sauyawa sau goma sha shida ba tare da ya faɗa ba, zai san cikin awa ɗaya ko kunnensa ne ke son kayan ko idonsa. In ya canka goma sha uku ko fiye, bambancin na nan, sai ya duba ko ya kai kuɗin. In ya tsaya a takwas ko tara, yana iya sayen mai tsadar duk da haka saboda kyansa da ƙarkonsa da garantinsa. Irin wannan mai saye dai ba a cika sake kawo masa shayi ba.